Zuwa ga Sashe na 172 na Dokar Kamfanonin Birtaniya

Kana nan a cikin kundin da majalisar dokokin Birtaniya ta ajiye ka tun 2006. Ba ka san ni ba, amma ni na daɗe da saninka. Na yi shekaru ina zama a ƙaramar kujerar da ke bayan shugaban majalisar daraktocin wani kamfani a nan Kano, ina rubuta bayanan taro. Mai wannan aiki ba a tambayarsa ra'ayi, sai dai duk abin da aka faɗa a ɗakin ta bakin alƙalaminsa yake fita.

Na karanta ka sau da yawa, kuma ba na musun kyawun lafazinka. Ka ce wajibi ne darakta ya bi hanyar da shi, da zuciya ɗaya, yake ganin za ta kai kamfani ga nasara domin amfanin masu hannun jari baki ɗaya. Sannan ka jero abubuwa shida da zai yi la'akari da su: abin da shawararsa za ta haifar nan gaba da nisa, ma'aikata, abokan ciniki, mutuncin kamfani, adalci tsakanin masu jari, da kuma na huɗu a jerinka, tasirin ayyukan kamfani a kan al'umma da muhalli. Wannan kalma ta la'akari ita ce dalilin wasiƙata.

Kana da ƙane a Nijeriya, ko da ba a gaya maka ba. Dokar kamfanoninmu ta 2020, a sashe na 305, ta ɗauko kusan maganarka: darakta ya yi la'akari da tasirin ayyukan kamfani a kan muhallin al'ummar da yake sana'a a cikinta. Na ga ranar da aka fara aiki da ƙanen nan naka a ɗakinmu. Batu na goma sha ɗaya ne cikin goma sha biyu. Wani injiniya ya kwana biyu yana shirya takarda a kan janaretocin dizal da tukunyar da ke cin baƙin mai, da lissafin abin da za a kashe a koma iskar gas, har da wasiƙar mutanen unguwar baya da ke kukan toka na sauka a kan shanyarsu. Azahar ta gabato, ƙamshin shinkafa na shigowa daga inda aka jera kuloli. Lauyan kamfani ya tuna wa majalisa cewa sabuwar doka ta ce a duba muhalli. Shugaba ya juya shafi biyu, ya kalli agogo, ya waiwayo ya ce da ni, "Malam, rubuta an yi la'akari." Minti huɗu ta agogona. Na rubuta, kuma ban yi ƙarya ba, tunda an juya shafukan. Injiniyan ya tattara takardunsa ya fita bai ci shinkafar ba.

Na zaci wannan halin namu ne, sai 2023 ta nuna mini yadda abin yake a gidanku. A watan Fabrairun shekarar, ƙungiyar lauyoyin muhalli ta ClientEarth ta kai daraktocin kamfanin mai na Shell su goma sha ɗaya gaban Babbar Kotu a Landan. Daraktocin ta kai ƙara, kowa da sunansa, kuma da kai ta kafa hujja. Ta ce tsarin da suka yi na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya bai isa ya kai kamfanin ga alkawarin da shi da kansa ya ɗauka na 2050 ba, kuma barin kamfanin mai a haka kasada ce da dukiyar masu jari. A lokacin Shell ya gama sanar da ribar kusan dala biliyan 40 ta shekarar 2022, mafi girma a tarihinsa.

A nan na gane inda aka ɗaure ka. Sashe na 170, yayanka da ke gaba da kai kaɗan, ya ce kamfani kaɗai daraktoci ke ɗauke wa wannan nauyi. Idan sun saɓa, kamfani ne zai yi ƙararsu, kuma masu yanke shawarar ko kamfani zai yi ƙara su ne daraktocin. Wanzami kuwa ba ya son jarfa. Ƙofa ɗaya ta rage, wato mai hannun jari ya nemi izinin kotu ya yi ƙara a madadin kamfanin. Ta nan ClientEarth ta bi, da hannun jari 27 da ta mallaka, tare da goyon bayan wasu asusun fansho irin su Nest na Birtaniya da AP3 na Suwidin, masu riƙe da hannun jari fiye da miliyan 12.

Mai Shari'a Trower ya hana izinin a watan Mayu, ya sake hanawa a Yuli bayan ya saurari lauyoyi baki da baki. Dalilinsa shi ne auna buƙatu masu karo da juna a kamfani mai girman Shell aikin daraktoci ne, kotu ba ta da abin da za ta auna su da shi. Ya kuma nuna shakku a kan niyyar mai hannun jari 27, yana ganin manufarta ta muhalli ce ta kawo ta kotu fiye da kishin kamfanin. Aka ɗora wa ƙungiyar kuɗin shari'a. A Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi karɓar maganar. Babu darakta ko ɗaya da ya tsaya a akwatin shaida aka tambaye shi yadda ya yi nasa la'akarin.

Ba zan yi wa alƙalin rashin adalci ba. Ni ma ba zan so mutumin da bai taɓa sayar da litar mai ba ya zauna ya tsara wa kamfani yawan gangar da zai haƙo. Na ga masu jari da ke kai ƙara don huce haushi kawai, kuma dokar da ta buɗe musu ƙofa ba mai gadi za ta hana kowa aiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tun a bakin ƙofa aka sallami maganar. Lord Carnwath, tsohon alƙalin Kotun Ƙolin Birtaniya, ya fito ya soki hakan a rubuce, yana ganin an yi asarar damar da za a tantance iyakarka. Watanni kaɗan bayan hukuncin, a Maris 2024, Shell ya sassauta burinsa na rage hayaƙi na 2030 daga ragin kashi 20 cikin ɗari zuwa tsakanin 15 da 20, ya soke na 2035 gaba ɗaya. Na tabbata an rubuta a bayanan wancan taro cewa an yi la'akari da kai.

Za ka ce ai ba kai kaɗai ba ne, an ƙara maka mataimaka. Gaskiya ne. Tun daga 2019 manyan kamfanonin Birtaniya na rubuta bayani na musamman a rahoton shekara kan yadda daraktoci suka kula da abubuwanka shida, kuma daga Afrilun 2022 aka wajabta wa mafiya girma su bayyana haɗarin da sauyin yanayi ke jawo wa kasuwancinsu, bisa tsarin da kwamitin da Michael Bloomberg ya shugabanta ya fitar a 2017. A Yunin 2023 aka fitar da ma'aunan duniya na IFRS S1 da S2, Nijeriya ma ta ce tana sahun farko, za ta wajabta su a kan manyan kamfanoni daga 2028. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga irin waɗannan alƙaluma ne kowa ya san fiye da kashi 90 cikin ɗari na hayaƙin Shell daga mai da iskar gas da ya sayar ake ƙonawa yake fitowa. Kuma lamba idan ta shiga rahoto, odita zai bi ta, ɗan jarida zai ajiye ta ya jira shekara mai zuwa. Sai dai na karanta bayanan da ake rubutawa da sunanka a rahotanni masu shafuka ɗaruruwa, na gane hannun irina a cikinsu. Takarda mai sheƙi, hoton yara suna dasa itace, da sakin layi uku da ma'anarsu duka ita ce an yi la'akari. Sashe na 463 kuma ya tanadi cewa idan bayanin ya zama ba daidai ba, kamfani kaɗai darakta zai biya, shi ma sai an tabbatar ya san ƙarya ce ko ya yi ganganci. Kyanwar Lami ke nan, ba cizo ba yakushi.

Akwai masu fafutuka a ƙasarku da ke neman a sake rubuta ka, a ɗaga muhalli da al'umma su zauna daidai da masu jari. Ni buƙatata ba ta kai nan ba. Idan an tashi gyara ka, a ce duk majalisar da aka kawo wa shawara irin ta injiniyanmu ta ƙi, ta rubuta abin da aka kawo mata, da kuɗin da aka ce zai ci, da dalilin ƙin, da sunan wanda ya goyi baya da wanda bai goya ba, kuma mai hannun jari ko na 27 ne ya iya neman ya gani. Darakta da ya san jikansa zai iya karanta sunansa a ƙarƙashin dalilin da ya bayar ba zai kalli agogo da sauri haka ba. Na damu da gyaranka ne domin dokar kamfanoninmu tun ta 1968 daga taku aka kwafo ta, kuma har yau idan kun motsa muna motsawa, ko da bayan shekara goma sha huɗu ne.

Na bar wancan aiki. Kwanaki na bi ta bayan masana'antar da yamma, janaretocin na nan suna ruri, matan unguwar sun koma shanya a cikin ɗaki. Kwafin bayanan taron ranar yana cikin akwatina, shafi na shida, layi biyu da rabi.

Naka,
Wani tsohon marubucin bayanan taro, Kano.