Ɗauke Wuta Ma Yana da Ranarsa

Gonata tana kilomita 18 daga gida, a wani lungu da sabis ɗin waya bai taɓa sanin hanyarsa ba. Idan mai gadin gonar yana son magana da ni, sai ya hau wata tsamiya, ya ɗaga waya sama yana jiran sanda ɗaya ta fito. Dattijo ne, ya haura sittin. Da damina ta kankama rassa suka yi santsi, sai ya aiko mini da saƙo ta bakin mai kai taki, wai shi gadin masara aka ɗauke shi, ba gadin tsamiya ba.

Na shiga Kano na sayo oba-oba guda biyu, 'yan hannu masu wat 5. Mai shagon ya dafa ƙirji ya ce har wata jiha za a ji ni. Da muka gwada ni da ƙanena, maganar ta kai bakin kasuwa, daga nan sai shuuu.

A layinmu akwai wani tsohon sojan sigina da kowa ke kira Baba. Ya juya rediyon a hannunsa, ya ce ba abin da ya same ta. Irin wannan igiyar ta VHF a miƙe take tafiya, ita kuwa duniya a lanƙwashe take. Mutum a tsaye da rediyo a kunne, iyakarsa kusan kilomita 5, mutum biyu su haɗa goma, shi ma sai a fili fetal babu gini babu tudu. In na ɗaga eriya mita 9 zan samu kamar kilomita 12, in aka ɗaga ta gona mita 4 a ƙara takwas, ashirin ke nan. "Ribarka kilomita biyu ce, ɗana, don haka ba ka da ƙarfin zubarwa. Wannan 'yar eriyar roba fitilar ƙwai ce, ko'ina take haskawa, har inda ba ka da gona. Kai tocila kake bukata."

Tocilar ita ce eriyar Yagi. Duk wanda ya girma kafin zuwan dish ya san ta, ita muke ɗaurawa a kan gora don kamo NTA ko CTV ta Kano, na waje yana juyi, na ɗaki suna ihun "ya yi, ya yi, a'a koma baya!" Wasu Japanawa biyu ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a 1926, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi. Uda ya sha mafi yawan wahalar gwaje-gwajen, amma Yagi ne ya rubuta bayaninta da Turanci a 1928, sai duniya ta riƙe sunansa. Da na fara jin labarin ban ji tausayin Uda ba. Yanzu da unguwa kaf ke kiran abin da na kashe wa kuɗi "eriyar Baba", ina tuna shi da alheri.

Baba ya ƙi taɓa komai sai da na yi zirga-zirgar takardar izini aka ba ni mitar da zan riƙa magana a kai, domin sararin nan yana da masu shi: daga megahaz 118 zuwa 137 na jiragen sama ne, 144 zuwa 146 na masu lasisin sha'awa, waɗanda a Najeriya lambar kiransu ke farawa da 5N. Tawa ta faɗo kusa da 150. Ya zana mini awo a bayan kwalin sukari: sanda uku na alminiyam, ta baya santimita 100, ta tsakiya wadda waya ke shiga 95, ta gaba 90, tsakaninsu wajen 40. Ya ce ƙarfin da zai tafi gaba zai ninka sau uku zuwa huɗu. Sannan ya ce zai je Kaduna tantance 'yan fansho, in jira shi.

Mutumin da ya yi digiri ba ya zama jiran ɗan fansho a kan sanda uku. Na kai wa mai walda kwalin. Da na koma ɗauka, na tarar da aiki tsaf, sanduna uku kansu ɗaya.

"Alhaji, wanda ya rubuta maka awon nan hannunsa na rawa. Na daidaita maka su, kada a gani a sama a ce a shagona aka yi."

Na yi masa bayanin cewa bambancin tsayin shi ne eriyar gaba ɗaya, doguwar tana maido da igiya, gajeriyar tana jan ta gaba. Ya saurare ni da ladabi, ya ce to, sabon bututu kuma kuɗinsa daban.

Sabuwar na ɗaure ta a gora a kan soro, kwance, yadda na ga ana yi wa ta talabijin tun ina yaro. Na juya faffaɗan gefen ya kalli gona, don kowa ya san ta faffaɗan baki kakaki ke fitar da sauti. Waya kuwa mai haɗa dish ya yanko mini ragowar tasa a kuɗi kaɗan. Na danna maɓalli na yi sallama. Sai ga muryar mai gadi tar, har numfashinsa ina ji. Na kira uwargida ta zo ta shaida. Na ce, "Malam, yaya gonar?" Ya ce, "Lafiya lau na baro ta, Alhaji. Ina zaure, na zo karɓar kuɗin wata."

Da ya koma gona ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da nake kamawa kawai wasu masu gadi ne a can wani gefen gari, suna gardama a kan wanda ya cinye ƙosan wani. Na yanke hukunci cewa tsayi ne bai isa ba, na sayo bututun ruwa na ƙarfe aka haɗa mini mita 9.

Wayar wuta ta bi ta gefen katangarmu shekara da shekaru, har ido ya daina ganinta. Muka taru ni da ƙanena da samari biyu daga majalisa, muka sa gindin bututun a rami muka fara turawa sama. Mita 9 a kwance ba komai ba ne. A tsaye, da eriya a ka, yana da ra'ayin kansa. Ya yi dama muka bi shi, ya yi hagu muka bi shi, sai ya tafi luuu ya kwanta a kan wayoyin nan, hannuwa takwas suna riƙe da shi.

Daidai lokacin Baba ya sauko daga acaɓa da jakarsa. Ban taɓa sanin akwai sauran muryar fareti a ƙirjin tsohon nan ba.

"Ku saki! Kowa ya ja baya! Kada wanda ya sake taɓa shi!"

Muka saki. Bututun ya zame ya faɗo cikin gida ya raba randar uwargida biyu. Ba wanda ya ji ko ɗis, saboda tun asuba aka ɗauke wuta. Muna tsaye ana kallon kallo, ruwan randa na bin ƙafafunmu, sai yaran layi suka kwashe da sowa: an kawo wuta! Fankar falo ta fara juyawa. Ƙanena ya nemi wuri a cikin caɓalin ya zauna. Samarin majalisa ko sallama ba su yi ba, kuɗin shayin da na yi musu alkawari ma har yau ba su zo karɓa ba.

Ni dai har gobe ina ganin iska ce. Baba bai tsaya jin batun iska ba. Ya ce tsakanin turken eriya da wayar wuta a bar aƙalla ninki biyu na tsayinsa, mita 9 na neman 18, yadda ko ta ina ya faɗi ba zai kai ba. Babban layi mai bolt 11,000 ba ya ma jiran a taɓa shi, in ƙarfe ya matso wutar tsallakowa take yi. Ɗanyen gora ko jiƙaƙƙe shi ma ba abin yarda ba ne. Kuma kada in sake in dogara da ɗauke wuta, don ko ba a dawo da ita ba, janaretan maƙwabci da aka haɗa ba daidai ba yana iya turo wuta cikin layin. Na ce ai Allah ya kiyaye. Ya ce ya kiyaye, amma ba a mayar da kiyayewarsa tsarin aiki.

Sannan ya tsuguna a kan eriyar. Ya tambayi wane gefe na nuna wa gona, na nuna masa. Ya daɗe yana kallona. Gajeriyar sanda ita ce gaba, yadda ni da bakina na faɗa wa mai walda, ashe duk kwanakin nan ƙeya na juya wa masarata ina yi wa masu ƙosai wa'azi. Ya tambayi dalilin kwantar da ita. Eriyar oba-oba a tsaye take, in ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, abin da ke isa zai iya raguwa har ninki ɗari. Ya ja wayar dish ɗin ya ce wannan mai om 75 ce, rediyo mai 50 take so, kuma a tazarar da za mu ja ko siririyar RG-58 ba za ta yi ba, don tana shanye kusan rabin ƙarfin a mita 15, sai kakkaurar RG-213. Uwargida da ke kwashe ɓaraguzan randa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, dama araha ba ta ado."

Da aka auna gidan da tef, wuri ɗaya ne ya cika mita 18 daga waya, gefen masai. Nan aka kafa. An zuba kankare a gindi, an ja wayoyin ɗauri uku zuwa turaku uku, an ɗaure eriyar ta bayan doguwar sanda don kada bututun ƙarfe ya shiga tsakanin sandunan ya ɓata lissafi. Saboda tsawa, Baba ya sa aka buga sandar tagulla cikin ƙasa aka haɗa ta da gindin bututun da kakkaurar waya, aka naɗe mahaɗar da tef don ruwa, ya kuma ce da na ga hadari ya haɗo in cire wayar daga rediyo in fitar da ita waje. Ya kawo wani ɗan akwati mai allura da ke auna ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta maido wa rediyo. Ya ce ƙasa da 1.5 lafiya, in ta haura 3 rediyon kanta kake dafawa.

Ya ara mini tasa rediyon irin ta mota, mai wat 25. Ƙanena na kan tsani yana ɗaure noti na ƙarshe, wani na riƙe masa tsanin, ni kuma ga makirfo a hannu ba aikin yi. Sallama ɗaya tak na yi. Ihun da ya zo daga sama bai bi ta rediyo ba. Ya sauko da ɗan farin tabo a yatsa, ƙunar igiyar rediyo, wadda ba ta da faɗi amma tana da zurfi. Baba ya zare makirfon ya sa a aljihun rigarsa, ya ce muddin akwai mutum a jikin eriya ko dab da gabanta, nan ne mazauninsa. Ƙanena ya ce, "Yaya, in kashe ni kake son yi ka faɗa mini, sau biyu ke nan."

Kafin magariba labari ya zaga cewa na buɗe gidan rediyo. Wata tsohuwa ta aiko jikanta da cigiyar akuya, ja mai farin goshi. Wani ya kawo takardar gaisuwa ga surukansa da sunan waƙar da yake so a sa musu. Mai unguwa ya zo da kansa, ya karanta takardar izinina daga sama har ƙasa, sannan ya rage murya ya tambaya ko nawa nake karɓa a sanarwar ɗaurin aure. Washegari kuma na tarar da zannuwa a shanye a kan wayar ɗauri ta gabas, bututun ya karkata, eriyar na kallon wata ƙaramar hukuma daban.

Aka miƙar, aka kafa wa mai gadi tasa a gora mita 4 a jikin bukka. Baba na juya bututun a hankali ina saurare, shuuu ɗin na raguwa, har murya ta fito, wannan karon daga gonar gaske.

Oba-oba ba waya ba ce, in ɗaya ya danna yana magana, ɗayan sai dai ya saurara har a saki. An koya wa mai gadi dannawa, sakin ne bai zauna masa ba. Ya yi sallama, ya tambayi kwanana, da gajiya, da iyali, da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da jikin Hajiya, da Baba, da mai yatsa, da hakurin randa. Ina ta danna nawa ina cewa lafiya lau, Malam, faɗi abin da ke tafe da kai, ba mai ji na sai Baba da ke gefe yana dariya har da tari. Can ya gyara murya ya ce, "To Alhaji, dama abin da ya sa na neme ka da gaggawa, shanun nan ne na..." Batirinsa ya mutu.

Na hau babur na yi kilomita 18 a cikin taɓo, ina lissafin buhun masara nawa shanu za su iya ci a awa guda. Na same shi a ƙofar bukka yana shan fura. Shanun maƙwabcinmu ne, ɗaya ta haihu, yana tambaya ko ina son a riƙa ajiye mini nono.