Ire-iren Masu Karatun Kalkulas a Illela

Kalkulas reshen lissafi ne da ke auna saurin canjawar abu, kamar gudun babur a daidai wannan daƙiƙa. Newton da Leibniz ne suka shimfiɗa shi a ƙarni na 17, kowa a gefensa, kuma alamar dy/dx ta Leibniz ce. A Illela ɗalibi kan yi kiciɓis da shi gab da WAEC da NECO, nan ne kuma aji ke rabuwa kashi-kashi.

Kashin da ya fi yawa shi ne na mahaddata. Mahaddaci ya riƙe ƙa'ida daram: a sauko da lambar sama, a rage mata ɗaya, x² ta koma 2x. Yana rera ta har a hanyar masallaci. Ranar da aka sauya x da t kuwa, sai ya rantse ba a koya musu wannan ba.

Ƙaninsa shi ne mai sauƙaƙawa, wanda ke soke d ta sama da d ta ƙasa ya miƙa y/x, yana mamakin abin da ya ci wa Turawa lokaci haka.

Ɗan kasuwa ya fi su wuyar sha'ani, domin shi ya gane. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa kasuwar Lahadi, ya san inda riba ke tsayawa kafin ta fara zamewa. Idan aka ce waya mai mita 40 za a kewaye garke da ita, kafin malam ya mayar da dy/dx sifili ya riga ya ce goma-goma, fili murabba'in mita 100. Ya yi daidai, amma ba a ba da cikakken maki sai an ga hanya. Tambayar riba mafi girma kuwa gardama take jawowa: ina kuɗin dako, ina albasar da ta ruɓe, ina rufe iyaka irin na 2019 da 2023? Mai tambayar, a ganinsa, bai taɓa sayar da ko buhu ɗaya ba.

Akwai ɗan tsallake, wanda ya soma boko a Birnin Ƙonni. Yana rubuta f′(x), yana sa waƙafi inda ake sa ɗigo a lamba, har malam ya yi masa jan biro kan amsar da ba ta da aibu.

Mai jiran "ta fito", wato satar amsar jarrabawa, ba ya buɗe littafi. Kuɗin tambayoyin baya ya zuba su a data, daren jarrabawa ya kwana yana haddace amsoshin wata shekara.

Kashi na ƙarshe ba ya wuce mutum ɗaya ko biyu, sau da yawa yarinya ce a bencin gaba. Ba ta gardama, littafinta ne dai ke zaga aji. Malamai kan gane yawan masu kwafarta ranar da ta manta alamar ragi: rabin ajin ne ke mantawa tare da ita.