Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Layin Ƙasa (_)

Ranka ya daɗe,

Ina fata kana lafiya a maɓoyarka ta kusa da sifiri, inda ba ka leƙowa sai an danne Shift.

Ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara. A gidan TeX, wanda Donald Knuth ya fitar a 1978, aikinka ɗaya ne: ka ɗauki ƙaramin harafi ka sauke shi ƙasa. Da John Gruber ya zo da Markdown a 2004, sai ya ɗauke ka aikin karkatar da rubutu. Ka karɓa, ko ka ce masa kana da ubangida.

Daren Laraba ina shirya wa ɗalibai takardar darasi a Markdown, an ɗauke wuta, batir saura ƙiris. Ba wani abin a zo a gani nake nema ba: kalmar argmin a tsaye, x a ƙarƙashinta, yadda lim ke zama da nata. Na rubuta ta tsurarta, ta fito a karkace, wai a sau r sau g. Na sa mata \operatorname, ta miƙe, amma x ya raɓe a gefe kamar ɗan rakiya. Sai da tauraro, \operatorname*, zai yarda ya sauka. Ashe tauraron ma ɗan ƙwadagon Gruber ne. Kai kuma da ka hango ɗan'uwanka can gaba a layi, kuka haɗa baki kuka ɓace, duk abin da ke tsakaninku ya kwanta kamar shinkafar fadama bayan iska.

Da a LaTeX ne, sau ɗaya zan raɗa wa kalmar suna a zaure da \DeclareMathOperator*, shi ke nan. To, Markdown gida ne marar zaure, kowane baƙo kai tsaye tsakar gida yake faɗowa.

Ko kunyar wasalin ƙasa ba ka ji? Malam Abdullahi na Gwandu tafsiri sukutum ya rubuta da alƙalami da tawada, ba mu taɓa jin wasali ya ce masa yau wani aikin zai tafi ba.

Yanzu dai na gitta maka sanda a gaba, \_, in ga iya gudun ruwanka. In ka sake ɓacewa, ranar Litinin yara a allo za su kwafa. Alli bai san Gruber ba.

Naka cikin haƙuri,
Wani malamin lissafi