Motar da Ta Koyi Tawali'u

Shekaru kaɗan bayan an yanke Jihar Zamfara a 1996, lokacin da mutum kan kama hanyar Shinkafi bayan isha'i ba abin da ke ransa sai ramukan titi, ina da wata Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, wadda ta yi mini hidima bisa amana har na soma raina ta. Ana nan sai ɗan ƙanena ya zo hutu da wata mujalla mai hotunan motocin Amurka, kowace cikinta kamar zai shafi ƙasa, ya dubi tawa ya ce, "Baba, ai wannan raƙumi ce. A rage mata tsawo, ka ga yadda za ta kwanta a kwana."

To, ijma'in direbobin tashar Ƙaura Namoda, babba da yaro, shi ne a ƙara wa mota sifirin a ɗaga ta, domin ta ɗauki buhunan gero da wake ba ta ja ciki ba. Amma ni, da furfurata da rawanina, sai na saɓa wa jama'a, na yi ƙiyasi cewa abin da ya yi kyau a takarda lalle zai yi kyau a gargada, ƙiyasin da ko almajirin da bai sauke Ahalari ba zai rushe shi. Na kai ta wurin wani mai walda, ya tambaye ni sau uku ko na tabbata, kamar alƙali zai rantsar da mai ƙara, sa'an nan ya sa wuta ya datse zagaye biyu biyu daga kowane sifirin. Da aka sauke ta daga jak sai ta durƙusa, na ce wa mutane ai tawali'u ta koya.

Ranar Alhamis na ɗauki surukina Alhaji za mu ci kasuwar Shinkafi. Layin dogon da ya iso garinmu Ƙaura Namoda tun 1929 bai taɓa yi mini laifi ba sai ran nan, da muka zo haye shi cikin motar ya ce ƙuuu, Alhaji ya ɗaga ƙafafunsa yana salati. Kafin mu kai Moriki salansa ta yi sallama da mu, muka koma da baya muka tsinto ta, muka shiga kasuwa da ruri irin na jirgin sama, awaki na tsinke igiya. Alhaji bai ce mini kome ba, sai dai ya dawo a motar haya.

Duk wannan bai ishe ni ishara ba, domin kullum da safe nakan zagaya motar in dubi tayoyi, in gan su da zanensu raɗau kamar yau aka saye su, in yi hamdala. Ashe zahiri nake dubawa, ɓarna kuwa tana can a baɗini. Bayan 'yan watanni, ina kan hanyar Zurmi zuwa ɗaurin aure, da goro da alawar mutane a baya, sai taya ta fashe, na sa safaya, ban yi nisa ba ta ɗaya gefen ta bi 'yar'uwarta. Da taimakon yara da wani mai jaki aka tura ni cikin gari, an riga an shafa fatiha, ana ta cigiyar goro.

Wani dattijon bakanike ya tsuguna, ya kama hannuna ya cusa ta bayan taya, sai na ji waya ta soke ni a yatsa, gefen ciki ya cinye sumul kamar tafin hannu. Ya ce, "Malam, wa ya yi ma wanga aiki?" Na ce ƙaddara. Ya ce, "Ƙaddara da wutar walda ta zo?"

Bai da wata na'ura. Zare ya ɗauko ya ɗaura masa dutse, ya sake shi a jikin taya kamar magini na awon bango, sai ga ƙasan tayar ya taɓa zare, samanta kuwa ya kauce ciki har yatsuna biyu na shiga. Ya bayyana mini cewa kafaɗun da ke riƙe da taya an yi su ne bisa wani tsawo ƙayyadadde, in mota ta sauka sai su tashi, kan taya ya karkata ciki, nauyin da ya kamata faɗin taya duka ya ɗauka ya koma kan gefe guda. Sa'an nan ya ja zaren daga baya zuwa gaba, ya nuna mini cewa tayoyin gaba ma ba sa duban alƙibla ɗaya, tafe suke suna gurzar kwalta a kaikaice, wannan kuwa ya fi karkatar saurin cin taya. Wannan na biyun ana gyara shi da juya tayarod, amma karkatar, a irin wannan mota, ba ta da kusar da za a murɗa. Sifirin da wuta ta taɓa kuma ya mutu, sai dai a saye wasu, biyu biyu, kada gefe ya fi gefe.

Na kwana biyu a Zurmi kafin a kawo sifirin na hannu daga Gusau, kuma da aka ɗaura sai aka tarar sun fi na asali tsawo, har uwargida sai da kujera take hawa. Tayoyin nan huɗu na kai su Shinkafi wurin mai yanka takalma, ya juya su, ya yi ta mamaki, ya ce bai taɓa ganin taya rabi amarya rabi tsohuwa ba. Ya biya ni kuɗin rabi, ya ƙara mini da takalmi ƙafa ɗaya, ya ce ɗayar sai Alhamis mai zuwa.