A Yaba wa Masu Sakin Marar Laifi

Kai, a yaba wa shari'ar ƙasar nan! Ina aka taɓa ganin karamci irin nata? Sai ta ɗauko manomi daga Magami bisa tsegumin wai infoma ne, ta yanke masa hukunci, ta ba shi masauki kyauta a gidan yarin Gusau. Ga gabza, ga gandiroba na gadinsa dare da rana, alhali 'yan uwansa na kwana da ido ɗaya don tsoron 'yan bindiga. Bayan shekaru kotun ɗaukaka ƙara ta duba fayil ta ce ashe ba shi da laifi, ya tafi abinsa. Ko kuɗin haya ba a tambaye shi ba.

Kada wani ya ce ba a ci gaba. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da gidan yari gidan gyaran hali. Madalla! Yanzu har wanda halinsa bai lalace ba ana gyara masa. Kusan biyu cikin kowane uku na mazauna gidajen ma jiran shari'a suke yi, wato darasin haƙuri ake ba su.

Sashe na 35(6) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Amma hukuma ta san talaka da kunya, ba za ta tozarta shi da kuɗi ba. In ya matsa, ga kotu nan, ya sayar da abin da ya rage ya ɗauki lauya.

Me ma ya rage? Ai an sauke masa nauyi. Gona an jinginar wajen bin shari'a, shanun huɗa sun bi ta, alƙali ya raba aurensa, autansa na ɓuya bayan kaka don bai san wannan baƙon ba. Ranar kasuwa a gaisa da shi da bakin yatsu. Mai taki ya hana shi bashi, ya juya yana cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Saboda haka, malam, daina ƙorafi. Mai tsegumin da ɗan sandan da ya rubuta takardar suna nan ƙalau, ba wanda ya ce musu kanzil. Mu kuwa mu ci gaba da yin shiru. Alherin na da yawa, zai zagayo kan kowa.