Kowa da Abin da Ya Tsinta a Gidan Robert Neville

A 1954 wani marubuci Ba'amurke, Richard Matheson, ya fitar da ɗan siririn littafi mai suna I Am Legend. Labarin ba shi da wuyar faɗa. Annoba ta share duniya, waɗanda ta kama sun rikiɗe sun zama masu shan jini, ba sa fitowa sai rana ta faɗi. Mutum ɗaya ya rage da lafiyarsa a birnin Los Anjeles, sunansa Robert Neville. Da rana yakan gyara gida, ya rataya tafarnuwa a tagogi, ya bi unguwa gida-gida yana soka wa masu barci fiƙaƙƙen itace a ƙirji. Da dare ya kulle ƙofa, ya ƙure kiɗa, ya kama kwalba, maƙwabcinsa Ben Cortman na tsaye a waje yana ƙwala masa kira ya fito. Iyakar abin ke nan. Amma ka raba wa mutane littafin, ka tara su bayan sun gama, za ka rantse ba abu ɗaya suka karanta ba.

Wanda zai fara buɗe baki shi ne wanda bai karanta ba. Ya ga fim ɗin Will Smith na 2007, kuma a wurinsa magana ta ƙare. Ka ce Los Anjeles, ya ce: "Haba Malam, Niyok ne, da idona na ga gadar." Ka ce Neville ba likita ba ne, ma'aikacin masana'anta ne da ya koya wa kansa ilimin ƙwayoyin cuta a ɗakin karatu, ya girgiza kai cikin tausayi ya ce marubucin bai fahimci labarin ba. Ka tuna masa cewa littafin ya girmi fim ɗin da shekara 53, ya ce ai shi ya sa, lokacin kai bai waye ba. Wannan bawan Allah bai san kafin Will Smith an yi fim biyu ba, ɗaya da Vincent Price a 1964, ɗaya da Charlton Heston a 1971. Na farkon ma Matheson ya sa hannu a rubutunsa, sakamakon bai gamsar da shi ba, ya sa aka rubuta wani sunan aro, Logan Swanson, maimakon nasa. Kada ka gaya masa wannan. Zai ce ya gani duka.

Ƙaninsa shi ne mai hangen annabta. Tun da korona ta zo a 2020 ba littafin da ya tsira daga hannunsa. "Kun gani ko? Sun daɗe da shirya abin, a rubuce yake!" Irinsu ne a 2021 suka yi ta yaɗa cewa allurar rigakafi ce ta mai da mutane dodanni a fim ɗin, alhali a fim ɗin ƙwayar cutar ƙyanda ce aka sarrafa don maganin cutar kansa, a littafin kuma guguwar ƙura da sauro ne ke yaɗa cutar. Sai da ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin, Akiva Goldsman, ya fito ya ce jama'a, ƙirƙira ce. Mai hangen annabta ya ce ai dole ya musanta.

Sai likitan zaure. Shekara biyu ya yi yana karatun haɗa magunguna, ko kuma yayansa ne ya yi, ba a dai tantance ba. Shi kaɗai ne ya ji daɗin dogayen shafukan da Neville ke leƙen madubin likita yana neman dalilin da tafarnuwa ke korar halittun, da dalilin da itace ke kashe su, har ya gano cewa hujin da ke shigar da iska ne ke aikin. Ya ji daɗinsu ne don ya samu abin gyarawa. Zai tsayar da hira cak ya ce ba yadda za a yi cizon jemage a Panama ya ba mutum kariya ta har abada. Gawa ta tashi daga kabari ta dawo ƙofar gida tana kiran mijinta, wannan bai dame shi ba. Jemagen ne ya hana shi barci.

Akwai wanda na fi so a cikinsu duka, ɗan kasuwa. Bai ji tsoro ko sau ɗaya ba, lissafi yake yi. Labarin ya faro daga 1976 ya kai 1979, Neville yana da janareto, yana da firiza cike da nama, yana yawo da mota kullum.

"Alhaji, yaya ka ga littafin?"

"Ni fa abu ɗaya ya tsaya mini. Shekara uku janareto na aiki, wa ke yi masa sabis? Kuma fetur ɗin ba ya lalacewa?"

Ka ce masa ai gidajen mai duk nasa ne, ba mai hanawa. Sai ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Gari guda, shaguna a buɗe, kaya ba mai su, ba haraji, ba ɗan kwamisho, amma ba mai saye ko ɗaya. A ganinsa nan ne tashin hankalin littafin yake, kuma in an bi ta ɓarauniyar hanya ya fi likitan zaure kusa da abin da Matheson ke nufi. Daga baya zai tambaye ka ko tafarnuwa tana tsada a Amurka.

Ita kuwa mai neman soyayya ta shigo ta ƙofar da ba daidai ba. Ta karanta Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, ta saba da mai shan jini kyakkyawa, mai ladabi, mai mota. Ta zo nan ta tarar da gawarwaki masu wari suna jifan gida da duwatsu. Ta kusa ajiyewa sai ga wata mace mai suna Ruth ta bayyana tana tafiya da rana tsaka. Nan ta gyara zama. Namiji ɗaya, mace ɗaya, duniya ba kowa, ba uwar miji, ba kishiya, ba rigimar lefe: me ya rage in ba ɗaurin aure ba? Da Ruth ta buga wa Neville guduma a ka ta gudu ta bar wasiƙa, sai ta rufe littafin ta ce: "Yaya, wannan marubucin ba shi da imani." Har yau tana ganin akwai kashi na biyu da aka ɓoye.

Mai kukan kare ba ya buƙatar dogon bayani. Bil'adama sun ƙare, an ƙona 'yar Neville a ramin gawarwaki, ya binne matarsa da hannunsa, duk bai motsa ba. Wani karen titi da Neville ya daɗe yana lallashi da abinci ya mutu, sai ga gardi yana share hanci. A gida kuma ko kyanwa ba ya bari ta shigo masa tsakar gida.

Jarumin baki kuwa kowane shafi sai ya ce "da ni ne." Da shi ne da ya bar gidan ya koma tsibiri. Da shi ne da ya gama da Cortman tun daren farko. Da shi ne ba zai manta da agogonsa ya tsaya har magariba ta riske shi a waje ba. Shi ne kuma wanda in wuta ta ɗauke yana tsakiyar karatu zai tashi ƙaninsa ya raka shi bayan gida.

Akwai malamin muhawara. Matheson da kansa ya jefa masa ƙashi: Neville ya tambayi kansa me mai shan jini Musulmi zai yi in an nuna masa kuros, daga baya ya gano Cortman, wanda Bayahude ne, kuros ba ya razana shi, Attaura ce ke yi. Marubucin yana nufin tsoron daga zuciyar mutumin yake, daga abin da ya yi imani da shi yana raye. Malamin muhawara bai kai wannan wurin ba. Ya tsaya a tambayar, ya ɗauke ta ya kai majalisa, an kwana uku ana kai, aka rabu gida biyu, kuma ba wanda ya tambayi yadda labarin ya ƙare.

Yadda ya ƙare ɗin ne ya haifi mutum biyu na ƙarshe. Littafin da ya haura shekara 70 ba shi da sauran asiri, don haka ga shi: cikin waɗanda Neville ke kashewa da rana akwai rayayyu, masu ɗauke da cutar amma da hankalinsu, sun samo ƙwayar magani, suna kafa sabuwar al'umma. Mijin Ruth na cikin waɗanda ya kashe. A wurinsu shi ne dodon da ke zuwa lokacin barci ya hallaka dangi. Suka kama shi, Ruth ta ba shi ƙwayoyin da zai sha kafin a zartar masa da hukunci.

Ɗan falsafa in ya iso nan ba ya sake sauka ƙasa. Yaƙin cacar baka ne, wariyar launin fata ce, rinjaye da tsiraru ne, mulkin mallaka ne. Wasu daga ciki da gaskiyarsa, matsalar ita ce ba ya bari a sha shayi. Zai gaya maka George Romero daga nan ya samo tunanin Night of the Living Dead na 1968, kuma Stephen King ya sha ambaton Matheson cikin waɗanda suka yi masa tasiri. Duka gaskiya ne. Zai maimaita maka su gobe.

Ɗayan ba ya cewa komai. Ya miƙo maka littafin, ka tambaye shi, ya ce: "Wallahi tun farko ina bayan mutumin nan, duk wanda ya soke ina jin daɗi." Sai ya yi shiru ya kama wata hirar. A ganina shi ne ya karanta littafin da Matheson ya rubuta, kuma shi kaɗai zan sake ba wa aro.

Mai aro na asali kuwa, wanda ya karɓa tun bara ya ce kwana biyu zai yi, ba shi da ra'ayi tukuna. In yana karanta wannan shafi, ɗan'uwa, littafin bai kai shafi 200 ba. Ka karanta, ko ka dawo da shi.