Mu da Ba Mu Hau Doki Ba

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. An yi murna, an yi ta yaɗa hotunan dawaki da rawuna da laimar Sarki. Ni dai ƙorafina ɗaya ne: duk cikin hotunan nan ban ga namu ba, mu da muke tsaye a bakin titi tun azahar har faɗuwar rana. Alhali in ka cire mu, hawa ya koma kilisa.

Kuma tsayuwar ba ta wasa ba ce. Watan Musulunci yana ja da baya da kusan kwana 11 duk shekara, shi ya sa a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah take faɗowa cikin bazara. Ta 2023 da ta 2024 duk a Afrilu aka yi su, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Wanda ya jure wannan a Ƙofar Kudu don ya ga dokin wani ya cancanci a rubuta shi a littafi. Tunda UNESCO ba ta yi ba, bari ni in yi.

Kafin ka ga masanin hawa za ka ji shi, don a bayan kunnenka yake kafa makarantarsa. Ba ka tambaye shi ba, ba ka ma san shi ba.

"Malam, ka ga mai farin dokin can? Madaki ke nan."

Wani daga gefe ya ce, "Haba Yallaɓai, ai Madaki ya wuce tun ɗazu."

"To ai ƙaninsa ne. Ba ka ga kama ba?"

Yadda ya ga kama a fuskar da amawali ya rufe har hanci, Allah kaɗai Ya sani. Ranar Hawan Daushe kuwa ranarsa ce. Zai ba ka labarin bafaden nan Daushe, wanda aka ce rashin lafiya ta hana shi hawan Idi, ya roƙi Sarki aka sake wani hawan washegari saboda shi. Masu ba da labarin suna kai shi har zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, amma masaninmu yana faɗarsa kamar shi ya kai wa Daushe kunu yana kwance. Zai gaya maka cewa a ranar Sarki yana zuwa Babban Ɗaki ya gaida mahaifiyarsa, kuma wannan gaskiya ne. Gaskiya ɗayan nan ita ce lasisinsa na yin kuskure ashirin a bayanta. Duk da haka ba na raina shi. A bakinsa na fara sanin cewa lifidi rigar yaƙi ce da aka cusa wa auduga, sulke kuma na ƙarfe ne, rawani mai kunne biyu kuwa na 'ya'yan gidan sarauta ne. Rabin abin da na sani game da hawa shi ya koya min. Ɗaya rabin kuma na daɗe ina kankare shi daga kaina.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai dokin haya. Shi ba hakimi ba, ba ɗan hakimi ba, abokinsa ne yake cikin tawagar wani hakimi, aka ce masa ai in ya samo doki zai iya bin sahu. Ya biya kuɗin doki, ya aro riga, wani ya naɗa masa rawani har ya ja masa kunne kada ya riƙa waiwaye. Abin da bai sani ba shi ne doki yana gane mahayinsa tun daga yadda ya zura ƙafa a likkafa. Tun daga nan dokin ya yanke shawarar cewa yau shi ne mai gida.

Da farko komai lafiya. Ana tafe ana busa algaita, shi ma yana ɗaga hannu yana amsa gaisuwar mutanen da ba shi suke gaisarwa ba. Sai 'yan bindiga suka saki ta farko. Doki ya miƙe a kan ƙafafun baya, gogan naka ya saki linzami ya rungume geza, rawani ya warware yana binsa a baya kamar tutar da ta rasa mai ita. Yara suna ihu suna tafi, su a ganinsu gwaninta ce. Shi kuwa bakinsa bai bar salati ba har zagin wani hakimi ya kama masa ragama. Washegari za ka gan shi a unguwa yana tafiya a tattale kamar ɗan shayi, in ka yi masa sannu ya ce basir ne ya motsa. Amma hoton da aka ɗauke shi kafin doki ya ɗaga ƙafa, wannan zai shekara a shafinsa na Facebook. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Dokin haya ma bai rufe ba.

Akwai kuma dattijon da yake riga kowa zuwa, da 'yar kujerarsa da carbinsa, don kawai ya shaida wa jama'a cewa wannan ba hawa ba ne. Hawa sai zamanin Ado Bayero, wanda ya shekara 51 a kan gado, daga 1963 zuwa 2014. Dawakin lokacin sun fi tsayi, kakaki ya fi amo, har ƙurar ma ta fi ta yanzu kyau. Na tabbata a zamanin Ado ɗin mahaifinsa ya zauna a gurbin nan yana cewa hawa ya ƙare tun Abdullahi Bayero. In ka bi silsilar, hawa mai kyau na ƙarshe shi ne wanda aka yi wa Daushe, kuma a ranar ma ba a rasa wani tsoho a gefe yana tsaki ba. Sai dai na lura da abu ɗaya. Idan laima ta ɓullo, tambura suka ɗauka, dogarai cikin ja da kore suna "Hattara!", bakin dattijon nan yana mutuwa, idonsa ya kawo ruwa. In ka ce, "Baba, lafiya?" sai ya ce ƙura ce.

Ɗan zamani shi ma ya zo, amma ƙeya ya ba dawakin. Ya ɗaga waya sama, fuskarsa ta cika allo, hawa yana can baya kamar labule. "Jama'a, ga mu kai tsaye daga Ƙofar Kudu!" Mutum bakwai ne suke kallonsa, biyu daga ciki suna tsaye kusa da shi. Lokacin jafi, sa'ad da mahaya suke sako dawaki a guje su ja linzami a gaban Sarki su yi jinjina, shi yana ja da baya yana neman inda haske ya fi kyau, har sai bulalar dogari ta tuna masa cewa doki ba ya duba waya. Yana da aboki na ƙut da ƙut wanda bai san da shi ba, wato ɗan sane. Duk filin nan shi kaɗai ne tun da aka fara bai ɗaga kai ya kalli doki ba.

Jarumin unguwa kuwa tun a hanya yake ba da labarin irin taurin da kakansa ya ba shi ya sha. Da 'yan tauri suka zo wucewa suna goga wuƙa a ciki, ya taɓe baki ya ce wasan yara ne. Ƙarar bindiga ɗaya, wani doki ya yi kan 'yan kallo, ka waiwaya ba ka ga jarumi ba, sai takalminsa ƙafa ɗaya. Daga baya zai ce ya je duba yara ne. Ba shi da yara.

Mai yaran gaske yana can tsakiyar turmutsutsu. Uwargida ta haɗa shi da biyar, ta raka shi har zaure da gargaɗi: "Malam, kada ka dawo min ba Auta." Autan yana bisa wuyansa, askirim yana narkewa yana ɗiga a kan sabuwar hularsa. Bai ga hawa ba, ƙidaya yake yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, gabansa ya faɗi, sannan ya tuna na biyar yana kansa. Can anjima ya sake ƙirgawa ya samu shida, ya tsaya yana duban fuskoki don ya gane wanne ne ba nasa ba. Kuma bai huta ba, don ya riga ya yi alkawarin gidan Zoo gobe.

Saurayi mai shadda bai zo kallo ba, zuwa ya yi a kalle shi. Wagambarinsa ta sha sitati har tana ƙara kamar kwanon rufi, ba ya zama, ba ya sunkuyawa, ko hannu zai ba ka sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Kafin la'asar gumi ya zana masa taswira a gadon baya. Idonsa yana kan 'yan mata masu jan lalle, su kuma nasu idon yana kan wani ɗan sarki mai alkyabba, wanda shi ma hankalinsa yana kan kada ya faɗo.

Mai rakiyar Bature Turancinsa yana ƙarewa a hakimi na uku. Daga nan duk wanda ya wuce sai ya nuna shi ya ce sarki ne, wancan ma sarki ne. Bature ya yi jajur kamar tumatir yana rubutawa. Allah kaɗai Ya san sarakuna nawa aka naɗa wa Kano a littattafan Turai ta hannun mutumin nan.

Ustazun layinmu ba ya zuwa hawa, don a wajensa ɓata lokaci ne, kuma ya sha faɗa mana haka bayan sallar asuba. Ranar Hawan Nassarawa na hango shi a saman soron wani gida, ya yi wa idonsa inuwa da hannu. Da muka haɗa ido ya ce, "Hanya ce ta biyo da ni." Har yau ina neman hanyar da take bi ta saman soro.

In ka tambaye ni wa ya fi kowa hankali a wurin, zan ce maka mai ruwan sanyi. Ba ruwansa da Galadima ko Wambai, ƙanƙararsa yake lissafi. Farashin ruwan leda a hannunsa yana tafiya da nisan Sarki: in an ce bai fito ba tukuna, kuɗi ya hau. Zoɓo da kunun aya ma haka. Shi kaɗai ne yake addu'ar Allah Ya bar Sallah a bazara.

Da dawaki sun koma barga, rabin mutanen nan gidan dambe suke nufa, a can kuma wani sabon gwani yake jiransu. Bai taɓa ɗaura zare a hannu ba, ko da kaza bai taɓa faɗa ba, amma shi yake koya wa 'yan Kudu da Arewa da Guramada sana'arsu. "Shiga jikinsa! Kai masa ta ƙasa!" Yana faɗa yana gwadawa, gwiwar hannunsa tana sauka a haƙarƙarin na kusa da shi. In nasa ya yi kisa, shawararsa ce. In an kashe nasa kuwa, "Ai na gaya masa bai ji ba."

Ban san darajar mutanen nan ba sai da aka rasa hawa. A 2020 korona ta hana, sannan a Babbar Sallar 2024 da kuma 2025 'yan sanda suka dakatar da shi saboda rikicin masarauta. Masanin hawa ya rasa kunnen da zai cika, ya koma yi wa 'ya'yansa bayanin tsofaffin hotuna. Mai dokin haya ya tsira da ƙugunsa amma bai yi murna ba. Mai ruwa ya zauna yana kallon ƙanƙararsa tana narkewa a banza. Na ci karo da dattijon nan a ƙofar masallaci, na ce, "Baba, bana ba hawa." Ya ce, "Yaro, ko rashin hawan ma, na da ya fi."

Wataƙila mai karatu yana tambayar a wane rukuni ni nake. Wannan ba huruminka ba ne. Roƙona dai, duk wanda ya tsinci takalmi ƙafar hagu, sabo fil, lamba 43, a wajen Ƙofar Kwaru ranar wani Hawan Daushe, ya taimaka ya dawo da shi. Na damar yana nan a ajiye.